Tagar da Gwaggo Ta Fasa

Unguwar Ali Kazaure, Jos,
8 ga Disamba, 1957.

Zuwa ga mai ɗakina Balaraba,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya ruwan zafi, yaya kuma baƙon namu? Ki gaishe mini da Baba da Inna, ki yi musu godiya a kan hidimar suna. Na iso Jos lafiya ranar Juma'a, sai dai tun daga Toro ƙafafuna suka sandare a bayan lori. Na rubuta da manyan baƙaƙe don ki karanta da kanki, kada ki ba kowa. Ba a banza muka shekara a kan tabarma ina koya miki boko ba.

Kin tuna saƙon da Inna ta aiko mini ranar suna ta bakin ƙanwarta? Ta ce ba za a ɗora mata 'ya da jika a bayan lori a hau da su dutsen Jos cikin wannan sanyi ba. In ba ni da abin da zai rufe ku, ku zauna Bauchi sai bazara. Na sunkuyar da kai, amma a cikina dariya nake yi. Balaraba, ina da mota.

Kada ki ce zazzaɓi ne ya kama ni. Tun watan da kika tafi goyon ciki na same ta. Akwai wani tsoho, Baba Jang, wanda ya daɗe yana kuku a gidan wani Baturen kuza a Rayfield, jikarsa tana ajina. Na je in roƙe shi kada ya cire ta daga makaranta, sai na hangi abin a bayan gidansa, ciyawa ta fito ta tsakanin tayoyi. Ƙarama ce, mai doro kamar kunkuru. Ƙirar Jamus ce, wai Baturen da kansa ya tuƙo ta ta hamada shekara bakwai da suka wuce. Na tambayi tsohon ko zai sayar. Ya ce in ɗauka kawai, in ma yau nake so zai taya ni turi har bakin titi. Na yi ta yaba kirkinsa.

Kin san Raimi, makanikin nan mutumin Ogbomosho da muke sahu ɗaya a masallaci. Shi ya jawo mini ita da lori, muka shigar da ita kangon bayan gidanmu, na kafa mata rumfar kwano. Da ya buɗe gaba bai ga komai ba sai tsohuwar taya da tankin fetur, ya ce, Tisha, an sace injin, shi ya sa aka ba ka kyauta. Ashe injin a baya yake. Da muka same shi kuma sai ya shiga neman inda ake zuba ruwa, ya nema har azahar. Babu. Motar ba ta da lagireto. Wata fanka ce a cikin rufin ƙarfe take hura iska a kan injin ta sanyaya shi. Raimi ya ce shekararsa ashirin yana gyaran lori, kuma duk abin da ba ya shan ruwa, mota ne ko mutum, shi bai yarda da shi ba.

Wata uku ke nan, kullum aka tashi makaranta ina ƙarƙashinta har magariba. Mun sauke injin, mun tarar ɓeraye sun yi gida a cikin fankar, zanzaro kuma ya toshe tsakanin haƙarƙarin injin da laka. Da tsinken tsintsiya da kananzir na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na wanke kafireto, na kankare fulogi, mun samo batir, baduku ya ɗinka mana bel ɗin fanka da fata kafin na gaske ya iso daga Kano. Akwai wani ɗan littafi a aljihun motar, da Jamusanci. Ban san ko kalma ɗaya ba, amma hoto ba ya bukatar tafinta.

Abu ɗaya ne ban gane ba. Leburori huɗu na kira ranar da aka kawo ta, biyu suna ganin ta suka juya ko sallama babu. Gwaggo Tabawa ma, da take dafa mini abinci tun tafiyarki, ba ta bi ta gefen rumfar, sai ta zagaya ta bayan rijiya. Na tambaye ta, ta ce ita dai ba ta son abin da idanunsa suke buɗe dare da rana. Fitilun take nufi.

Ranar Asabar, sha ɗaya ga Janairu, kin cika arba'in har da ɗoriya. Ran nan zan tsaya a ƙofar gidanku. Kada ki gaya wa Inna tukuna.

Haza wassalam. Ni ne naki,
Haladu.

*

Ali Kazaure, Jos,
16 ga Disamba, 1957.

Zuwa ga Balaraba,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta baƙo da ta mutan gida duka, takardarki ta iso jiya. Na karanta sau huɗu. Kuskure uku kawai na samu, na kuma yafe. Kin ce kin gaya wa Inna don maganar ta ƙi zama a cikinki, ita kuma ta ce mota ko ba mota ba, in iska ta taɓa maɗigar yaron ba za ta yafe mini ba. To, ki ji abin da zan faɗa.

Ta tashi. Ranar Laraba da la'asar ne. Ta yi tari sau biyu, ta feso wa Raimi baƙin hayaƙi a fuska, sannan ta kama kuka kamar babban keken ɗinki. Maƙwabta suka cika kangon. Raimi ya taka rawa da sufana a hannu. Tun ranar yana koya mini tuƙi a filin ƙwallon makaranta, ya ce bai taɓa ganin ɗalibi mai yawan tambaya da ƙarancin taka birki irina ba.

Ga abin da zai kwantar wa Inna da hankali. A ƙasa kusa da giya akwai wani ɗan maɓalli da ake murɗawa, na ga hotonsa a littafin. In an murɗa shi, iskar da ta bi ta kan injin ta ɗumama, maimakon a zubar da ita waje, sai ta biyo wasu bututu biyu ta shigo cikin motar ta ƙarƙashin kujeru. Na same shi a murɗe har ƙarshe, tsatsa ta kama shi a haka, bututun kuma cike da sheƙar ɓera. Na share su tas. Bayan haka na yanka tsohuwar robar taya na manne ta a bakin ƙofofi da tagogi, na cusa tsumma da kwalta a duk wata kafa, inda ƙasan motar ya huje na buga gwangwanin garwa. Yanzu in ka rufe ƙofa har kunnenka toshewa yake yi, ba ta kuma buɗuwa sai an sa kafaɗa. Ɗakin jego ne mai taya huɗu. Ki gaya wa Inna haka.

Akwai wata magana da na so in ɓoye miki, amma na ga gara ki ji daga gare ni. Gwaggo ta dawo daga kasuwa ranar Asabar ko kayan miyan ba ta ajiye ba ta tsaya a kaina. Matan da suke kawo dankali ne suka ba ta labarin motar. Baturen nan, Mai Lofe suke ce masa, a cikinta ya mutu. Da damina ne, shekara huɗu da suka wuce. Ruwa ya tare shi a hanyar Bukuru, ya tsaya a gefe ya ƙare. Da leburori suka zo wucewa suka tarar da shi a zaune, hannu a kan sitiyari, gilasai a rufe, fuskarsa jawur kamar wanda ya ci ya ƙoshi barci ya ɗauke shi. Ba rauni, ba jini. Likita ya ce zuciya ce. Na ce wa Gwaggo ai Turawa ma suna da zuciya, tana kuma tsayawa in kwana ya ƙare. Ta ce to, malamin boko, karensa da aka samu a kujerar baya ya miƙe ƙafa, shi ma zuciyar ce?

Yanzu na san dalilin kirkin Baba Jang. Ban ji daɗi ba, amma ƙarfe ƙarfe ne. Kwana biyu ina fama da ɗan ciwon kai, ina jin gajiya ce.

Ki gaida kowa. Naki,
Haladu.

*

Ali Kazaure, Jos,
23 ga Disamba, 1957.

Zuwa ga Balaraba,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Allah ya ƙara wa baƙo ƙwari, ya ba ki haƙurin wanka.

Ban san ta inda zan fara ba. Kazarki mai wake-waken nan ta mutu.

Tun lokacin da ƙofofin motar suke cire ta sami wani lungu a bayan kujerar baya tana ƙwai. Da ta kwanta a kansu na ƙyale ta, na ce kafin tafiyata ta ƙyanƙyashe, ki zo ki tarar da tsaki goma sha ɗaya. Shekaranjiya da hantsi na ta da injin don in daidaita kafireto, na rufe mata ƙofa saboda shirwa da ke shawagi. Na yi kamar awa ɗaya a tsugune a bayan motar. Da na gama na buɗe, tana nan a kan ƙwanta, kai a kife, jikinta da ɗumi, tukkunta ja wur. Na juya ta ko'ina, ba cizo, ba rauni. Sauran kajin kuwa suna ta kiwonsu a tsakar gida lafiya ƙalau.

Raimi ya ce annobar kaji ce, amma yana faɗa yana kallon gefe. Gwaggo ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta dubi kazar ta daɗe, sannan ta ce wancan karon kare ya ɗauka da mai kare. Yanzu an ga kaza, saura mai kaza. Balaraba, kazar taki ce.

Kin san ni. Shekara tara ina tsaye a gaban yara ina gaya musu Allah bai yi wani abu ba sai da sababi, aikinmu mu nemo sababin. Zangon da ya wuce na kife kofin gilashi a kan kyandir a gabansu, suka ga wuta ta mutu ba wanda ya hura ta, na ce kun gani, ba tsafi ba ne. Ga ni yau na je har gidan Liman da kaina. Ya zo ya yi addu'a, ya ba ni laya na rataya a madubi. Gwaggo ta sa jawul a kasko ta turara cikin motar, ni na riƙe mata ƙofa. Raimi da yake yi mini dariyar lagireto yanzu sai ya yi bisimilla sau uku kafin ya taɓa ta, la'asar tana yi kuma ya tattara sufanunsa.

Ciwon kan nan bai tafi ba. Na zauna na lura da shi kamar yadda nake koya wa yara. Yana zuwa ne in na ɗan jima a cikin motar: ya ɗaure mini goshi kamar an naɗa rawani da igiya, ƙafafuna su yi nauyi. In na fito na taka zuwa masallaci, kafin in idar da salla ya sake ni. Na gaya wa Gwaggo ina tsammanin za ta taya ni tunani, sai ta ce ai dole, wane aljani ne zai bi mutum masallaci?

Saura kwana goma sha tara. Da safe in ce zan zo, da yamma in ce ba zan zo ba. In na dubi kujerar baya sai in gan ki zaune da baƙon a cinya, gabana ya faɗi. In kuma na tuna bazara sai watan Maris ko Afrilu, sai in ga ba zan iya jira ba. Ko fuskarsa ban gani sosai ba ranar suna, kunyar mutane ta hana ni.

Kada ki karanta wa Inna wannan. Ki yi mana addu'a.

Naki,
Haladu.

*

Ali Kazaure, Jos,
31 ga Disamba, 1957.

Balaraba,

Ina gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Ni ma da sauƙi yanzu, kada rubutun ya tsorata ki, hannuna ne bai gama dawowa ba.

Ranar Asabar da safe, gari ya waye da sanyin da ban taɓa jin irinsa ba bana. Na ce yau zan yanke shawara. Na ɗauko ma'aunin zafi na makaranta, na ta da injin, na murɗa maɓallin nan har ƙarshe, na shiga na zauna a kujerar baya daidai inda za ki zauna. Na ɗora matashi a cinyata a madadin yaron, na ja ƙofa. Na ce in rabin awa ta wuce ba abin da ya faru, to, zancen mata ne, in rubuto wa Inna yawan ɗumin da ma'auni ya nuna.

Ɗumin ya zo, mai daɗi. Ina kallon ma'aunin yana hawa. Sai kaina ya fara bugawa. Na ce bari in fita. Na san in fita ya kamata, na ga mariƙin ƙofar, amma hannuna ya ƙi tashi daga kan matashin. Abin da ya fi ba ni tsoro yanzu in na tuna shi ne, a lokacin ban ji tsoro ba ko kaɗan. Daɗi nake ji, kamar ana lallashina in yi barci. Na ga fuskar Gwaggo a jikin gilashi, bakinta yana motsi, kamar ina kallon ta daga ƙarƙashin ruwa.

Sauran ita ta ba ni labari. Kunu ta kawo mini, matar da wata uku ba ta matso rumfar ba. Ta ja ƙofa ta ƙi buɗuwa, saboda robar da na manna da hannuna. Sai ta ajiye kwanon ta ruga ta ɗauko taɓarya ta rafka wa tagar gefen. Maƙwabta suka jawo ni waje kamar buhu. Na yi amai har na gaji. Malamin asibiti ya duba ni bai ga komai ba, ya ce in huta.

Ban ce aljani ba ne. Amma ba ni da bakin cewa ba shi ba ne. Ban san abin da zan gaya wa yara ba in an koma makaranta.

Gwaggo da fari ta ce a tura motar cikin tafkin kuza. Amma jiya Raimi ya yi ƙarfin hali ya shiga, ya tuƙa ta har Naraguta ya dawo, awa guda cur, ko ɗan jiri bai ji ba. Sai Gwaggo ta sake shawara, ta ce abin ya fice ta tagar da ta fasa, taɓarya ba ƙaramin makami ba ce. Raimi ya auna tagar, ya san wani mai yankan gilashi. Ya ce in abin ya fita, sai mu toshe mu hana shi dawowa, tun da dai Inna ba za ta yarda da taga a buɗe ba. Na ce ya yanko. Ban sani ba ko daidai na yi. Ki dai shirya kayanki, amma kada ki ɗaure.

Naki,
Haladu.

*

Ali Kazaure, Jos,
5 ga Janairu, 1958.

Zuwa ga mai ɗakina Balaraba,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Baba da Inna da duk wanda gidan ya ƙunsa. Ni lafiyata ƙalau. Wannan karon ina so ki karanta a hankali, in kin gama ki je ki karanta wa Inna da bakinki, kada ki tsallake komai.

Kin sha jin ina ambaton Dantong, dattijon nan na ajina na yaƙi da jahilci, wanda yake riƙe fensir kamar guduma. Shekara ashirin da biyar yana kula da injin jan ruwa a ramukan kuza. Ranar Alhamis ya zo duba ni da kwandon dankali, ya tarar da Raimi ya jingina sabon gilashin yana shirin sawa. Bayan mun gaisa ya ce in gaya masa yadda abin ya kama ni. Ina cikin bayani ya tsayar da ni, ya ce, Malam, kai ya fara ɗaurewa? Na ce e. Ƙafa ta mutu, amma hankali yana nan? Na ce e. Barcin kuma yana da daɗi? Na dube shi, na ce wa ya gaya maka? Sai ya juya ya ce wa Raimi ya ajiye gilashin nan.

Ya ce wata damina a Bukuru ruwa ya cika musu rami mai zurfi, aka saukar da injin fetur har ƙasa don ya ja. Mutum uku suka ce bari su ɗan kishingiɗa, ba su tashi ba. Shi ne na huɗu, da igiya aka jawo shi. Tun daga ran nan ba su ƙara saukar da inji rami ba sai an haɗa masa dogon bututu ya kai hayaƙin sama. Ya ce baƙin hayaƙin da ake gani, mai sa tari, ba shi ne abin tsoro ba, don yana korar mutum. Akwai wani a tare da shi, ba launi ba wari, shi ne yake kwantar da mutum. Na ce ai salansar motar waje take fesawa, a baya. Ya ce to, bari mu tambaye ta.

Ya sa kowa ya tsaya waje. Muka ta da injin, maɓallin a buɗe, ya toshe fasasshiyar tagar da kwali. Ya ce Raimi ya riƙa ɗiga baƙin mai a bakin kafireto don hayaƙin ya yi fari ya ganu. Sannan ya zaɓi dankali ɗaya daga kwandon dubiyata ya danna shi a bakin salansa. Injin ya fara nishi. Muka manna fuska a gilashi.

Balaraba, na gan shi da idona. Ya fito ta ƙarƙashin kujeru, ta bututun nan biyu da na share da hannuna. Ya kwanta a ƙasa kamar ruwa, ya cika, ya hau kujerar baya, ya rufe matashin da na bari a wurin tun ranar Asabar. Daga nan dankalin ya fice kamar harsashi ya je ya fasa tulun Gwaggo, amma ba wanda ya yi dariya.

Da injin ya huce muka kwance ƙasan. Bututun hayaƙi yana bi ne ta cikin akwatin da iskar ɗumi take taruwa, kuma a nan cikin, inda ido ba ya gani, tsatsa ta huda shi. Babban yatsana ya shige. Tsohon rami ne, bakinsa ya yi baƙi ƙirin tun da daɗewa. Shi ya kashe Mai Lofe da karensa ranar da ya rufe gilasai yana jiran ruwa ya ɗauke. Shi ya kashe kazarki. Ɓeraye sun toshe hanyarsa shekara huɗu, ni na zo na buɗe, na kuma bi duk kafar da zai fita na liƙe da roba da kwalta, ina alfahari. Raimi ya zauna a ƙasa ya cire hula. Ya ce, Tisha, lori ba shi da wannan abu, wallahi ban san shi ba. Na ce ni da na kife kofi a kan kyandir a gaban yara arba'in fa, me zan ce? Mil tamanin ne daga Bauchi zuwa nan. Da sammako na yi niyyar mu taso, cikin tsananin sanyi, maɓalli a murɗe, don in faranta wa Inna.

Ga abin da muka yi. An yi wa ramin walda. Ban tsaya nan ba, na cire bututun biyu gaba ɗaya, na toshe bakinsu da gwangwanin garwa. Na yage robar, na zare tsummokaran. Maɓallin yana aljihuna, shi zan fara kai wa aji in an koma, kuma Dantong ne zai tsaya a gaban allo ran nan, ni in zauna a benci. Jiya mun je Bukuru mun dawo mu uku, yau ma haka, kaina wasai. Duk da haka Dantong ya sa na yi masa alkawari biyu: ba zan zauna a cikinta tana tsaye injin yana aiki ba, ba kuma zan taɓa rufe ta ruf ba. Gwaggo ta ce mu kira shi hayaƙi ko duk abin da muka ga dama, ita dai ta san ta inda ya fita. Ban yi mata musu ba. Na sayo mata sabon tulu.

Yanzu ga saƙona ga Inna, cikin ladabi. Motar ba ɗakin jego ba ce kuma. Sanyi zai shigo. Tagar da Gwaggo ta fasa tana nan yadda take, gilashin na mayar wa mai shi, ba zan gyara ta ba. Zan zo ranar Asabar da bargo biyu da gwado, ba za mu taso ba sai rana ta take, za ki zauna a ɗaya gefen ki rufe baƙon a jikinki. In Inna ta ga hakan bai yi mata ba, ba zan ja da ita ba. Zan zo in gan ku in koma, in jira bazara. Amma in ta ce sai an rufe tagar, ki ce mata na roƙe ta ta yafe mini, ba zan rufe ba. Gara ya iso Jos yana atishawa.

Na san ba a san uba da ambaton sunan ɗan fari ba, tun da aka haife shi kuwa baƙo nake ce masa, har a zuciyata. Amma tun ranar Alhamis, da na ga abin nan ya hau kan matashin, sunansa nake ta kira a raina. Ki riƙe mini Ɗayyabu da kyau. Na rubuta, ba kuma zan goge ba. In kin zo nan wurin kina iya tsallakewa, shi kaɗai na yarda ki ɓoye wa Inna.

Haza wassalam. Ni ne mijinki,
Haladu.